Me ya sa ake mayar da madarar da ido bai ga aibinta ba? Fashin baƙi kan gwajin ɗanyar madara

Madara fara sol, tatsar asuba, ba tsami a baki, ba wari a hanci. An goyo ta a babur daga wata ruga a yankin Dukku ko Kwami zuwa wurin mai yin yogot a cikin garin Gombe. Mai karɓa ya zuƙi 'yar kaɗan da sirinji, ya haɗa da wani ruwa a ƙaramar kwalba, ya girgiza, ya ɗaga ta wajen haske, ya ce yau kam ba za a karɓa ba. Me ya gani wanda mai madarar ba ta gani ba? Kuma wannan gwaji, mai saye kaɗai yake karewa ko har da mai tatsa?

Zancen ya ƙara tasowa tun da Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikatar kiwon dabbobi mai zaman kanta a 2024, aka kuma dawo da maganar raya gandun kiwo na Wawa-Zange. Burin da ake faɗa shi ne madarar ruga ta shiga masana'anta, a rage dogaro da madarar gari da ake shigowa da ita daga waje. Sai dai babu litar da za ta shiga tankin kamfani ba tare da ta bi ta teburin gwaji ba. Makiyaya da yawa suna jin mayar musu da madara kamar an kira su maha'inta ne. Alhali gwajin ba ɗaya ba ne, kuma mafi yawansu ba ha'inci suke nema ba.

Madara daban, nono daban

Tushen ruɗanin yana cikin kasuwarmu. A wurin mai damun fura tsami ba aibi ba ne, shi ake nema. Kindirmo madara ce da aka bari ta yi barci da maiƙonta, nono kuma wanda aka kaɗa aka cire man shanu. Dukansu ƙwayoyin halitta ne suka ci sukarin madarar suka mayar da shi tsami. Mai masana'anta kuwa so yake ya fara dafa madarar, a digiri 72 na daƙiƙa 15 ko digiri 63 na minti 30 idan ta sha ce, ko fiye da haka idan yogot zai yi, sannan ya zuba irin nasa, wato ƙwayoyin da ya zaɓa don su sa madarar barci. Madarar da ta riga ta ɗauki hanyar tsami ba ta jure wannan zafi. Tsinkewa take yi a cikin inji, ta toshe bututu, ta ɓata sauran da aka haɗa ta da ita.

A lita guda ta madarar saniya, kimanin kashi 87 cikin 100 ruwa ne. Sauran shi ne maiƙo, furotin wajen kashi 3 da ɗoriya, sukarin madara kusan kashi 5, sai ma'adanai. Shanunmu na gida, Bunaji da Rahaji da Bokolo, ba su da yawan madara, amma tasu ta fi ta shanun Turai irin Firisiyan maiƙo, sau da yawa tana kaiwa kashi 4 zuwa 5. A riƙe wannan, zai dawo a maganar farashi.

Gwajin sifirit da na tafasa

Ruwan nan da mai karɓa ya haɗa da madarar itanol ne, dangin sifirit, mai ƙarfin kashi 68 zuwa 70. Mililita 2 na madara, mililita 2 na itanol, a juya a hankali. Idan haɗin ya sulale a jikin kwalba sumul, madarar za ta jure wuta. Idan aka ga 'yan gudaji sun manne a gilashin, ba za ta jure ba. Abin da aka gwada zubarwa ake yi, ba ya komawa cikin jarka, don haka babu abin damuwa ta fuskar addini.

Sabuwar madara tana da ɗan tsami na asali, kimanin kashi 0.14 zuwa 0.17 cikin 100. Harshe ba ya fara jin canji sai abin ya yi nisa, amma itanol yana kamawa tun tsamin bai wuce kashi 0.2 da kaɗan ba. Gwajin tafasa, wato a ɗora cokali guda a wuta a ga ko za ta tsinke, ya fi wannan sassauci: wadda ta faɗi a tafasa ta riga ta yi nisa sosai.

Ba tsami kaɗai ke kayar da madara a gwajin sifirit ba. Dakashi yana kayar da ita, shi ya sa ake ware madarar saniyar da ta haihu har kwana 5 zuwa mako guda. Madarar saniya mai ciwon hantsa ma haka, da ta wadda ta kusa ƙafewa. Akwai kuma kuskuren mai gwaji: kwalbar itanol da aka bari a buɗe cikin zafin Gombe ƙarfinta raguwa yake yi, sai ta riƙa wuce da madarar da ya kamata ta tsayar, wanda kuma aka haɗa da ƙarfi fiye da kima sai ya kayar da mai kyau.

Wasu suna jefa kanwa ko bakar hoda don su kashe tsamin kafin a iso. Yana iya ruɗar wannan gwajin, amma ƙwayoyin cutar suna nan daram, har ma sun samu wurin da ya fi musu daɗi. A ɗakin gwaji akwai sinadarin da ke mayar da irin wannan madara ja-ja nan take.

Laktomita: inda ake kama mai ƙara ruwa, inda kuma ake zaluntar mai gaskiya

Laktomita wani siririn gilashi ne mai nauyi a gindi, da lambobi a wuya. Ana zuba madara a dogon kofi har kusan baki, ba kumfa, a saki gilashin a hankali ya yi iyo, kada ya taɓa gefe, a karanta lambar da ta yi daidai da saman madarar. Madara ta fi ruwa nauyi kaɗan: lita guda tana kai giram 1,028 zuwa 1,032, inda ta ruwa take 1,000. Lambobin ƙarshen nan ake faɗa, a ce ta ba da 28 ko 30 ko 32.

Lissafin ba wuya. Madarar da ke ba da 30, idan aka zuba ruwa lita 1 a kan lita 9, za ta sauko wajen 27. Idan lita 2 aka zuba a kan 8, za ta sauko 24. Shi ya sa masu saye ke sa iyaka, wani 26, wani 28.

Ga inda matsalar take. Yawancin laktomita an daidaita su ne a digiri 20, akwai ma na digiri 15. Madara mai ɗumi ta fi mai sanyi sauƙin nauyi. Ƙa'idar gyara ita ce a ƙara 0.2 a kan kowane digiri ɗaya da madarar ta haura ma'aunin da aka rubuta a jikin gilashin. Madarar da ta iso da zafin digiri 30 ta ba da 27, haƙiƙanin lambarta wajen 29 ce. Mai karɓar da ba shi da ma'aunin zafi zai ce an yi mata ruwa, alhali rana ce kawai ta dake ta a hanya. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke taɓa digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gyaran ma ya fi inganci idan tazarar ba ta da yawa, don haka abin da ya dace shi ne a tsoma kofin gwajin cikin ruwan sanyi har ya kusanci digiri 20 kafin a karanta. Laktomita ba tare da ma'aunin zafi ba rabin kayan aiki ne, kuma mai madara yana da haƙƙin ya tambaya.

Abu na biyu, maiƙo ya fi ruwa sauƙi, to madara mai maiƙo sosai lambarta kan ɗan yi ƙasa. Wadda aka tatso yanzu-yanzu ma haka, sai ta huta awa biyu ko uku take daidaita. Ta ɗaya gefen kuma, wanda ya kwashe maiƙon sama lambarsa hawa take yi, idan ya bi da ruwa kaɗan sai ta dawo daidai. Wato laktomita yana iya wanke mai ha'inci biyu, ya kama wanda bai yi ko ɗaya ba. Haka masu zuba sitaci ko sukari don nauyi ya dawo. Sitaci kam ɗigon aidin yana tona shi, madarar ta koma shuɗi.

Hukunci na ƙarshe a kan ruwa na babban ɗakin gwaji ne, inda ake auna digirin da madara ke daskarewa. Ta gaskiya tana daskarewa a wajen digiri 0.52 ƙasa da sifili, kuma wannan lamba ba ta cika motsi ba daga saniya zuwa saniya. Duk ruwan da aka ƙara yana matso da ita kusa da sifili. Kuma illar ruwan ba a farashi ta tsaya ba. Ruwan rafi ko na kududdufi da ƙwayoyin gudawa da taifod yake shigowa.

Auna maiƙo

Tsohuwar hanyar da har yau ake dogara da ita ita ce ta Gerber. A cikin wata kwalba mai dogon wuya mai zane ake zuba mililita 10 na asid ɗin salfa, ɗan'uwan ruwan batir amma ya fi shi kaifi nesa ba kusa ba, sai kusan mililita 11 na madara a hankali ta gefe, sai mililita 1 na wani sinadari da ke taimaka wa maiƙo rabuwa. A toshe, a girgiza har furotin ya narke, a sa a injin wulwulawa minti 5, a tsoma a ruwa mai digiri 65, a karanta tsawon maiƙon da ya taru a wuya. Ba aikin ruga ba ne, asid ɗin yana ƙona fata da tufa.

Yanzu akwai ƙananan na'urori masu aiki da batir ko sola, da ke fitar da maiƙo da furotin da nauyi da ƙiyasin ruwa cikin kimanin minti guda. Suna da amfani ƙwarai, amma sai ana wanke su kullum, ana kuma gwada amsarsu da ta Gerber lokaci-lokaci, in ba haka ba sai su yi ta kuskure iri ɗaya wata da watanni ba wanda ya sani. Kuma ba sa ganin ƙwayoyin cuta, ba sa ganin saurar magani.

Ƙwayoyin cuta: lokaci, zafi da jarka

Madarar da ke fitowa daga lafiyayyar hantsa kusan tsaf take. Daga hannu, da fatar nono, da ƙurar garke, da mazubi ƙwayoyin ke shiga. Tana da ɗan ƙarfin kare kanta na awa biyu zuwa uku, daga nan sai su fara ninkawa, a irin zafinmu kusan duk rabin awa. Idan aka fara da 10,000 a mililita guda, ninki shida cikin awa 3 ya kai su 640,000. Iyakar Tarayyar Turai ga ɗanyar madarar saniya 100,000 ce. Wannan ne dalilin ƙa'idar sanyaya madara zuwa digiri 4 cikin awa biyu zuwa uku da tatsa, kuma shi ne ya sa nisan ruga da lalacewar hanya da damina suke kayar da madara fiye da kowane irin ha'inci.

Ƙirga ƙwayoyin kai-tsaye yana cin kwana 3 a faranti na musamman a digiri 30. Mai saurin shi ne gwajin shuɗi: mililita 1 na rinin metilin a mililita 10 na madara, a ajiye a digiri 37. Ƙwayoyin suna cinye iskar da ke ciki, shuɗin ya gushe. Idan ya haura awa 5 bai gushe ba, madarar mai kyau ce. Idan bai kai awa 2 ba, ba ta da kyau. Idan cikin rabin awa ta koma fara, ba a ma tsayawa magana.

Babban mai laifi a nan jarkar roba ce mai ƙaramin baki. Hannu ba ya shiga, buroshi ba ya kai lungunta, maiƙon jiya yana nan a maƙale yana jiran madarar yau. Ƙwarya kuma abin da ya sa ta yi fice wajen kindirmo, wato riƙe irin tsami a jikinta, shi ne ya sa ba ta dace da madarar masana'anta ba. Mazubin alminiyom ko na bakin ƙarfe mara tsatsa mai faɗin baki ake so. Wankinsa ma da tsari: a fara ɗauraye da ruwa mara zafi, don ruwan zafi da farko dafa furotin yake yi ya like, sannan ruwan zafi da sabulu da buroshi, a ɗauraye, a kife a kan rumfa rana ta busar. Kada a haɗa tatsar yamma da ta safe. Tunda kuma Bunaji ba ta sakin madara sai maraƙi ya fara tsotsa, a goge kan nonon da tsumma mai tsabta bayan an janye shi, a zubar da tsirtuwa biyu ko uku na farko.

Ciwon hantsa da ba ya nunawa

Kowane makiyayi ya san hantsar da ta kumbura ta yi zafi, madara ta fito da gudaji ko jini. Wanda ya fi yawa shi ne ɓoyayye: hantsa lafiya a ido, amma jiki yana ta tura ƙwayoyin kariya cikin madara, tatsa tana raguwa ana ɗora laifin a kan rani. Idan ƙwayoyin nan suka haura 200,000 a mililita, alamar cuta ce. Turai ba ta karɓar madarar da ta wuce 400,000.

Gwajinsa, wanda ake kira na Kalifoniya, ya fi kowanne dacewa da ruga. Faranti ne mai gurbi huɗu, kowane kan nono da gurbinsa. A tatsa kimanin mililita 2 a kowanne, a zuba ruwan gwajin daidai yawan madarar, a juya daƙiƙa 10 zuwa 15. Lafiyayya tana nan ruwa-ruwa. Mai cuta sai ta yi yauƙi kamar miyar karkashi, iya yawan yauƙin iya tsananin cutar. Saniyar da aka gano a tatse ta a ƙarshe, da tsummanta daban, don a hannun mai tatsa cutar ke yawo.

Abin da tafasawa ke kashewa da wanda ba ta kashewa

Bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari da kumburin gwiwa, tana kama mutum ta ɗanyar madara, ta zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa wanda ake ta yi wa maganin maleriya a banza. Ana gano ta a garke da gwajin zobe: ɗigon sinadari mai launi a mililita 1 na madara, awa guda a digiri 37, idan shuɗin zobe ya taru a saman maiƙo akwai cutar. Tarin fuka na shanu ma ta madara yake bi. Tabbatar da su aikin likitan dabbobi ne da manyan ɗakunan gwaji irin na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos. Dahuwa mai kyau tana kashe su duka biyu.

Saurar magani kuwa tukunya ba ta raba madara da ita. Saniyar da aka yi wa allurar da makiyaya ke kira LA, ko fanisilin, ko maganin sammore, maganin yana fita a madararta na kwanaki. Kowace kwalba an rubuta kwanakin jira a jikinta. Na LA kan kama daga kwana 4 zuwa mako guda ko fiye, gwargwadon kamfani, kuma idan an wuce adadin da aka rubuta, kamar yadda aka saba, kwanakin ma ƙaruwa suke yi. Allurar aibamektin ta tsutsa da kaska, yawancin kwalabenta sun ce kada ma a yi wa saniyar da ake tatsa don sha.

Iyakar da hukumar Codex ta duniya, mai tsara ƙa'idojin abinci, ta sa wa fanisilin a madara kashi 4 ne cikin biliyan. Da wannan za a gane yadda tatsar saniya ɗaya za ta iya ɓata tanki guda. Ga mai yogot asarar a fili take: maganin yana kashe irin da ya zuba, ya wayi gari madara ba ta yi barci ba. Ga mai sha kuma illar a ɓoye take, wasu jikinsu ba ya karɓar fanisilin, sannan ƙwayoyin cuta suna sabawa da maganin har ya daina aiki a asibiti. Ana gwadawa da tsinken takarda mai amsa cikin 'yan mintuna, ko da wani gwaji da ake kira Delvotest mai cin kimanin awa 3 a digiri 64: ya koma rawaya ba magani, ya tsaya a shunayya akwai.

Ɗayan abin da tafasawa ba ta kashewa kuma afulatoksin ne, gubar fumfuna. Wannan ya shafi Gombe kai-tsaye, domin abincin rani na shanunmu shi ne angurya da tunkuza da dusar masara, kuma su ne fumfunar ta fi so idan an adana su da laima. Saniya ta ci yau, gobe gubar tana cikin madara, idan aka daina ba ta kuma cikin kwana 3 zuwa 4 take washewa. Tana cutar hanta, yara ne kuma suka fi shan madara. Iyakar Codex kashi 0.5 ne cikin biliyan, ta Turai 0.05. Buhun da ya dunƙule ko yake warin ruma, arharsa ba riba ba ce.

Ɗaukar samfuri

Sakamako ba ya fin samfurinsa gaskiya. Maiƙo sama yake tasowa, wanda ya ɗiba daga sama ba tare da motsawa ba zai ga maiƙo ya yi yawa, wanda ya zuƙo daga gindi zai ga kamar an kwashe. A motsa daga ƙasa zuwa sama sosai kafin a ɗiba. Wanda za a kai nesa a zuba shi a kwalbar da aka dafa, a rubuta suna da rana da lokaci, a sa cikin kula da ƙanƙara ba tare da ya daskare ba, ya isa cikin awa 24. Samfurin da ya yi tafiyar Gombe zuwa Jos a aljihun direba, labarin aljihun zai bayar, ba na rugar ba.

Wa ke ɗaukar asara?

Mai saye yana da hujja: tanki ɗaya da ya lalace ya cinye ribar kwanaki, kuma idan NAFDAC ta samu matsala a kayansa, sunansa ne a jikin roba. Mai tatsa ma tana da tata, kuma a ruga yawanci kuɗin madara na mata ne, da shi ake cefane. An ce ta zubar da tatsar saniyar da aka yi wa allura har mako guda, wa zai biya ta? An ce ta sanyaya, da wace wuta? Kuma madarar da aka mayar ba zubarwa ake yi ba. Wadda ta faɗi don tsami ta koma kindirmo, wannan ba laifi idan an dafa. Amma wadda ta faɗi don magani ma kasuwa take komawa, a dama wa yara fura da ita. Gwajin da ya tsaya a ƙofar kamfani, kwastoman kamfani kaɗai ya kare.

Sai batun farashi. Inda ake biya da lita kawai, gwaji sanda ce: yana hukunta mara kyau, ba ya saka wa mai kyau. A ƙungiyoyin madara na Indiya, irin na Anand a jihar Gujarat, ana auna maiƙon kowane mai kawowa a gabansa, a biya shi gwargwadon abin da aka samu. A irin wannan tsari ƙara ruwa ba ya ƙara ko kwabo, kuma mai Bunaji da maiƙon kashi 5 ya fi mai kashi 3 samu a kan lita ɗaya. Ƙungiyar makiyaya da za ta zauna da kamfani a Gombe, abubuwan da ya kamata ta sa a takarda kafin a fara kai jarka su ne: a yi gwaji a gaban mai madara, a rubuta zafi tare da lambar laktomita, a faɗi sunan gwajin da aka faɗi a kai ba a ce “ba ta da kyau” kawai ba, a ajiye samfuri na biyu a sanyi idan an yi gardama, sannan a sa ƙarin kuɗi a kan maiƙo da tsabta.